Kafin ka buga 777: yadda nake ba mutum ɗaya izinin buɗe fayil a Linux

A ofishin da nake kula da kwamfutocinsa akwai fayil mai suna albashi.ods, ni da 'yan sashen kuɗi kaɗai ke buɗe shi. Ran nan aka ce mai binciken kuɗi zai duba. Wani abokin aiki ya ce in buga chmod 777, wato umarnin canza izinin fayil, kowa ya huta. Ban yarda ba, don albashin mutane sirrinsu ne, 777 kuwa kowa zai karanta, har ya canza adadi.

Fara da ls -l albashi.ods, umarnin da ke nuna izinin da ke kan fayil. Za ka ga abu kamar -rw-r-----. Bar alamar farko, sauran taran ka kasa su uku-uku: kason mai fayil, na rukuninsa, sai na sauran jama'a. Harafin r karatu ne, darajarsa 4. W rubutu, 2. X gudanarwa, 1. Haɗa su ake yi, kowane kaso ya ba da lamba ɗaya. Shi ya sa 640 ke nufin ni in karanta in rubuta, rukuni ya karanta kawai, saura ko leƙe babu.

To amma guraben uku ne kacal. In na jefa mai binciken cikin rukunin kuɗi, duk takardunsu sun buɗe masa. A nan ACL ke da rana, wato jerin waɗanda aka yarje wa da sunansu. Sunan mai binciken a kwamfutar shi ne bincike, sai na buga:

setfacl -m u:bincike:r albashi.ods

Sake buga ls -l, za ka ga alamar + ta bayyana a ƙarshe. Umarnin getfacl kuma zai zayyano maka jerin duka.

Duk da haka mutumin ya dawo ya ce fayil ya ƙi buɗuwa. Ashe foldar da fayil ɗin ke ciki ce, mai suna kudi, ta tare shi. A kan folda, x na nufin izinin ratsawa, in babu shi ba a kaiwa ga abin da ke ciki. Sai da na ƙara setfacl -m u:bincike:x kudi sannan ya shiga.

Abin da na fi so ka kiyaye shi ne layin mask a cikin getfacl. Shi ne iyakar abin da rukuni da masu suna a jerin za su samu. Da zarar fayil na da ACL, lambar tsakiya ta chmod, wato ta rukuni, wannan iyakar take taɓawa. Ka buga chmod 600, sunan mai binciken na nan daram amma izininsa ya daina aiki.

Ranar da ya gama, na janye da setfacl -x u:bincike albashi.ods, na yi wa foldar haka. Kuma kada ka kwafa irin wannan fayil a filashi mai tsarin ajiya na FAT32, izinin ba ya bin sa can.