Yadda ake haɗa shafin bayanai a gidan yanar gizon ƙaramin kasuwanci

Shafin bayanai wuri ne da mai kasuwanci ke tara amsoshin tambayoyin da abokan ciniki suke yi masa kullum, tare da takardun saukewa da mahaɗai (wato link, rubutun da ake dannawa ya buɗe wani shafi) zuwa wasu wurare masu amfani. Za mu yi misali da shagon kayan noma mai sayar da iri da taki da maganin feshi, amma tela ko mai kayan sola ma haka zai bi.

Kafin ka taɓa kwamfuta, buɗe WhatsApp ɗin shagon ka bi saƙonnin wata biyu ko uku da suka wuce. Duk tambayar da ta maimaitu sau uku, rubuta ta. Nawa ne buhun NPK 15-15-15 yau? Wane irin masara ke nuna da wuri? Yaya ake haɗa magani a tankin feshi mai lita 16? Kuna kai kaya ƙauye? Waɗannan su ne ginshiƙin shafin. Abu goma zuwa goma sha biyar sun isa a fara. Wanda ya jibga mahaɗai hamsin don shafi ya cika, manomi ba zai gane ta ina zai kama ba, sai ya koma kiran waya.

Raba su kashi uku ko huɗu, kowane da kanun da mutane ke faɗa da bakinsu: Farashi, Yadda ake amfani da kaya, Kai kaya da biyan kuɗi, Hukumomi. Abin da aka fi tambaya shi ne a sama.

Idan da WordPress, manhajar gina gidan yanar gizo, aka gina gidan, sabon shafi za ka buɗe, kada ka sa shi cikin jerin labarai, domin labari yana nutsewa da zarar sababbi sun hau kansa. Adireshin ya zama gajere, kamar /bayanai. Kada ka sa ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a cikin adireshi ko sunan fayil: idan aka kwafe shi zuwa WhatsApp, haruffan kan rikiɗe su koma alamar % da lambobi, mahaɗin ya yi tsawo, mutane su ɗauka na 'yan damfara ne. A cikin rubutun kuwa a sa ƙugiyoyin yadda suke, sai dai a gwada salon haruffan tukuna, don wasu ba su da ƙ da ɗ. Noto Sans yana da su. Daga nan ka sa shafin a jerin zaɓin da ke saman gidan, da kuma can ƙasa.

Maganar farashi ita ce inda aka fi yin kuskure. Mutane suna ɗora shi a PDF, wani ya sauke, ya tura wa ɗan'uwansa, bayan wata huɗu ga mutum a bakin shago da tsohon farashin yuriya yana rantsuwa a wajenku ya gani. Rubuta farashin kai tsaye a jikin shafin, da ranar da aka sabunta shi a samansa, kuma ka faɗi nauyin buhun, kilo 50 ne ko 25. PDF ya dace ne da abin da ba ya sauyawa kuma ake son bugawa ko dubawa a gona inda babu sabis, kamar jadawalin zuba taki.

Kowane PDF kada ya wuce megabait 1 in da hali, hoto kuma a rage shi ƙasa da kilobait 200. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabait da yawa, kuma datar abokin cinikinka yake ci. Kusa da kowane fayil rubuta nau'insa da nauyinsa, misali "Jadawalin takin masara, PDF, kilobait 400". Kada sunan mahaɗi ya zama "danna nan". Ga waɗanda karatun boko ke yi wa wuya, ɗan bayani na murya a MP3, minti ɗaya ko biyu, ya fi shafi guda na rubutu aiki.

Adadin maganin feshi kuwa, abin da ke jikin kwalbar za ka kwafa, da sunan maganin da ƙarfinsa. "Murfi biyu" ba awo ba ne, tunda murafe sun bambanta. Rubuta mililita.

Mahaɗan waje su je tushe kai tsaye: NAFDAC don rajistar magani, NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, don hasashen damina da take fitarwa farkon kowace shekara, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya don irin masara na SAMMAZ da irin gyaɗa na SAMNUT. Ƙarƙashin kowanne, layi ɗaya da ke faɗin abin da mutum zai samu a can. Takardar da wani ya wallafa, kada ka ɗora ta a gidanka ba da izininsa ba, mahaɗi kawai za ka sa.

A ƙarshen shafin sa maɓallin WhatsApp. Tsarinsa wa.me/ sai lambar ƙasa, 234 a Najeriya ko 227 a Nijar, sai lambar waya, babu alamar + kuma babu sifilin farko. Wannan sifilin ne ke sa maɓallin ya ƙi aiki a yawancin lokuta.

Gwaji a ƙaramar waya za a yi, da data, a wajen shago. Danna kowane mahaɗi, sauke kowane fayil. Sannan ware rana ɗaya a wata don maimaita hakan, domin hukumomi suna sauya adireshin shafukansu, mahaɗin da ke aiki yau gobe ya nuna 404, wato ba a sami shafin ba. Idan za ka sabunta PDF, bar masa sunansa na da, saboda mahaɗan da aka riga aka tura wa mutane su ci gaba da buɗewa, ka rubuta sabuwar ranar a shafin farko na takardar.