Idan kana so waya ta karanta maka littafin bashi

Salamu alaikum 'yan'uwa, musamman 'yan kasuwarmu na Mile 12 da Agege a Legas. Google Lens, wata manhaja ta waya, tana iya karanta rubutun hannu daga hoto ta mayar da shi rubutun da za ka kwafa ka tura ta WhatsApp. Amma tana shan wahala da rubutun nan mai haɗe-haɗe irin na tsofaffin malaman firamare, domin gane inda harafi ya ƙare wani ya fara shi ne ke ruɗa na'ura. Don haka a riƙa raba haruffa, da baƙin biro, kowane mutum a layinsa.

Wajen ɗaukar hoton, shimfiɗa littafin a kan benci inda akwai hasken rana, kada inuwar hannunka ta rufe shafin. Takardar da ruwan Legas ya taɓa har tawada ta baje kuwa, kada ka wahalar da kanka.

Lambobi su ne abin tsoro. Takan ɗauki 1 a matsayin 7, ko 0 ta koma 6, sai a tashi rigima da mai tumatir a banza. Duba kowane adadi da idonka kafin ka tura. Ƙ da ɗ ma sau da yawa sukan rasa lanƙwasarsu. Masu ajami dai ku ci gaba da kwafa da hannu tukuna.