Ga masu zuwa Legas karatun filazma: ku fara duba mitar wuta

Kusan duk shekara sai an haɗa ni da wani yaro daga Kano ko Zariya, ya sauka Agege da jaka da laftof, wai ya zo digiri na biyu a fizis, ɓangaren filazma, wato iskar gas da ta yi zafi har ƙwayoyin zarrarta suka rabu da lantarkinsu. Na bana ko ruwa bai sha ba ya ce, "Yaya, ina ɗakin lezar yake?" Na yi dariya har na ƙware, sannan na tuna ni ma da wannan tambayar na iso.

Ƙanena, lezar da kake nufi tana Kalifoniya ta Amurka, a cibiyar Lawrence Livermore. Can ne ranar 5 ga Disamba 2022 aka haska leza 192 kan wani ɗan gwangwani mai shafen zinariya, a cikinsa akwai ƙwallo kamar ƙwayar masoro mai ɗauke da diyuteriyom da tiritiyom, nau'o'in haidurojin biyu da ake so a matse su har su haɗe su fitar da makamashi. Aka zuba makamashin leza megajul 2.05, aka samu 3.15. Mu nan rabonmu lissafi ne da kwamfuta, kuma ba abin rainawa ba ne, don matsalar da ta daɗe tana hana masanan can barci a lissafi ake kama ta. Zuba ruwa da man gyaɗa a kwalba, ka kifa ta da sauri: ruwan da ya koma sama zai zuro yatsu cikin man, man ya taso kumbura-kumbura. Shi ne rikicewar Rayleigh-Taylor. Idan ana matse ƙwallon nan, ɗan kurji a fatarsa haka yake girma, ɓawo mai sanyi ya kutsa tsakiyar da ake so ta yi zafi, wutar ta mutu tun ba ta kama ba. Bin girman yatsun nan a kwamfuta kan ci kwana da kwanaki.

Rajista da sanin hanya ba wuya. Ka shiga danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, sau uku, ka ɓata sau ɗaya, ka iya. Abinci kuwa, mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 ba sa barin baƙo ya kwana da yunwa, Allah ya saka musu.

Inda ake kuka shi ne ɗaki. Ni na faɗa hannun wani dillali a Bariga, mai bakin zuma, har da "aboki, na ka ne". Ya kai ni da rani, da rana tsaka, ƙwan lantarki na ci. Na biya hayar shekara biyu, da la'adarsa, da kuɗin yarjejeniya, da wani wai kuɗin ajiya ko da na fasa wani abu. Ban san dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya ba, ban da unguwanni irin su Ikoyi da Apapa. Ashe mita ɗaya ce ga ɗakuna goma sha biyu, mai gidan ke karɓar kuɗin wuta, ya biya in ya ga dama. Na kunna lissafina ya yi kwana biyu yana tafiya, yatsun sun fara fitowa a allo gwanin sha'awa, sai ga ma'aikatan wuta da tsani sun zo yanke ta. Batirina ko awa ɗaya ba ya yi. Sau uku ina farawa daga farko. Da damina ta sauka kuma, na farka na tarar da katifata tana iyo.

Don haka kada ka ba kowa ko sisi sai ka ga mai gidan ido da ido, da wani dattijo cikin mutanenmu da ya daɗe a unguwar. Ka dubi gindin bango, ruwan bara yana barin zane. Ka nemi mita mai kati taka ta kanka, ka koma da daddare ka tambayi mai shayin layin awa nawa suke samun wuta. Rasit da yarjejeniya a rubuce, ko da mai gidan ya ce ku ai 'yan uwa ne. Kuma ka saita lissafinka ya riƙa adana kansa duk bayan rabin awa.

Yaron bana dai na raka shi Yaba jiya. Ɗakin ƙarami ne, amma a bene yake, kuma mitarsa na bayan ƙofa.