Kurakuran da ke jawo wa dabba makantar da ba ta warkewa

A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani mai karɓar haske, wanda likitoci ke kira ratina. Babban kuskure shi ne a ɗauka kamar fata yake, in ya ji ciwo zai warke da kansa. A wurin wasu halittu haka ne. Ɗan kifin nan mai zane irin na jakin dawa, wanda masu bincike ke yawan amfani da shi, in aka lalata masa ratina, wasu ƙwayoyin halitta da ake kira ƙwayoyin Müller sai su hayayyafa, su maye gurbin waɗanda suka mutu cikin makonni. Saniya da akuya da kare da kyanwa ma suna da waɗannan ƙwayoyin, amma tabo kawai suke yi. A 2017 masana a Jami'ar Washington ta Amurka sun zaburar da su a idon ɓeraye har suka samar da sababbin ƙwayoyin jijiya, sai dai aikin bai fita daga ɗakin gwaji ba. Saboda haka abin da ya mutu a ratinar dabbarka ya tafi ke nan.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ba da magani da ƙiyasi. Mutum ya kalli tunkiya ya ce "wannan ta kai kilo 40", alhali ba ta wuce 25 ba, ya ɗura mata maganin tsutsa mai kulosantel. In ya yi yawa, yakan lalata ratina da jijiyar gani, kuma makantar ba ta juyawa. Haka enrofuloksasin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, yake yi wa kyanwa in an wuce miligiram 5 a kowane kilo a rana. Gyaran ba shi da wuya: a auna nauyin dabba kafin a auna magani, kada kuma a ƙara wai don ya fi saurin aiki.

Sai jinkiri. Tsohuwar kyanwa ta wayi gari tana karo da bango, baƙin idonta ya buɗe wangal ko a cikin haske, a ce bari a ga zuwa jibi. Sau da yawa hawan jini ne ya ɓamɓare ratina daga mazauninta. In likitan dabbobi ya sauke jinin da wuri, takan koma ta manne, wani lokaci har gani ya dawo. Kowace rana da ta wuce kuwa ƙwayoyin ratina masu karɓar haske mutuwa suke yi.

Wani kuskuren shi ne dogaro da maganin ɗigawa a ido. Ba ya isa can bayan ido, inda ratina take, yadda zai yi amfani, kuma mai sinadarin siteroyid, in akwai gyambo a gaban idon, ƙara cin sa yake yi.

Abinci ma yana da nasa. Kyanwar da aka daɗe ana ba abincin kare tana iya rasa sinadarin taurin, ratinarta ta riƙa lalacewa a hankali ba a sani ba. Shanun da suka daɗe ba su ci ɗanyen haki ba sukan yi dundumi saboda ƙarancin bitamin A. A wannan matakin ana iya gyarawa da bitamin ɗin, amma a ɗan maraƙi, in ƙashi ya riga ya matse jijiyar gani, allura ba ta dawo da ita.