Yadda Ake Gane Furen Fritillaria Mai Zanen Zabuwa

Da farko, a lura da wuri da lokaci. Wannan tsiro na Turai ne, kuma ya fi son fadamun ciyawa da kogi ke malalewa a kansu lokacin hunturu, irin na North Meadow da ke Cricklade a Ingila, inda yake fure a watan Afrilu.

Bayan haka a dubi tsayinsa da ganyensa: yakan kai santimita 15 zuwa 40, ganyen kuwa siriri ne kamar na ciyawa, kore mai ɗan toka-toka, shi ya sa da wuya a gan shi kafin ya yi fure.

Mataki na uku shi ne mafi muhimmanci. A durƙusa a duba furen daga ƙasa, domin a sunkuye yake kamar ƙararrawa, yawanci ɗaya a kan kowane kara, da ɓangarori shida. A kowane ɓangare za a ga ƙananan murabba'ai, shunayya mai duhu da mai haske suna bin juna, kamar an zana su da gangan. Daga nan ya samo sunansa na kimiyya, meleagris, wato zabuwa, kuma duk wanda ya san gashin zabo zai ga dalili. Wasu furannin farare ne, sai an ɗaga su ga hasken rana zanen yake ɗan bayyana.

A ƙarshe a ɗauki hoto kawai, kada a tumɓuke shi, domin saiwarsa mai kama da albasa tana da guba.