Yadda Tsohon Sojan Amurka da Aka Kora Saboda Neman Jinsi Zai Gyara Takardar Sallamarsa

Dokar nan ta «kada a tambaye ka, kada ka faɗa», wadda ta hana masu neman jinsi ɗaya bayyana kansu a aikin sojan Amurka, kuma Shugaba Clinton ya sanya mata hannu a 1993, ta yi sanadin korar sojoji fiye da 13,000 kafin ta daina aiki a ranar 20 ga Satumba, 2011. Soke dokar bai goge abin da aka riga aka rubuta a takardun waɗanda aka kora ba, ga shi kuma takardar sallama, wato DD-214, ita ce ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ke dubawa kafin ta biya wa mutum kuɗin karatu, wasu masu ɗaukar aiki ma sukan nemi ganinta.

Abin da za a fara yi shi ne neman cikakken fayil ɗin aiki ta hanyar cike fom SF-180 zuwa cibiyar adana bayanan ma'aikata da ke St. Louis a jihar Missouri. Idan ya iso, a duba gurabe uku: nau'in sallamar, dalilin da aka rubuta, da lambar da ke nuna ko mutum zai iya komawa aiki. Gurbin dalili ya fi cutarwa, domin ko wanda aka sallama cikin mutunci yakan tarar an rubuta laifinsa ƙarara a wurin, duk inda ya miƙa takardar sirrinsa ya tonu.

Daga nan sai zaɓen hukumar da za a kai wa koke. Wanda bai kai shekara 15 da sallama ba zai cike fom DD 293 zuwa hukumar bitar sallama ta rundunarsa. Wanda ya wuce haka, kuma yanzu kusan kowa ya wuce, sai ya cike DD 149 zuwa hukumar gyara bayanan soja, wadda ke da ikon yafe jinkirin kai koke idan adalci ya buƙaci haka.

A wajen rubuta bayani, a jingina da umarnin da ma'aikatar tsaro ta fitar a Satumban 2011, wanda ya ce a amince da gyaran matuƙar wannan doka ce kaɗai dalilin korar, ba tare da wani laifin rashin ɗa'a ba. Idan akwai irin wannan laifi a fayil, gara a bayyana yadda ya faru, a haɗa da rahotannin ƙwazon aiki da shaidar abokan aiki, maimakon a yi shiru a kansa.

Kada mutum ya zauna jiran gwamnati ta neme shi. Sai a 2023, shekara 12 bayan soke dokar, ma'aikatar tsaro ta fara duba fayilolin da kanta, kuma a Oktoban 2024 ta sanar da gyara na mutum ɗari takwas da 'yan kai. Wanda kotun soja ta hukunta ƙarƙashin sashe na 125 na kundin dokokin soja, wanda a da ya haramta luwaɗi, kuwa, afuwar da Shugaba Biden ya yi a Yunin 2024 ba ta sauya takardarsa kai tsaye ba: zai nemi takardar shaidar afuwa tukuna, sannan ya haɗa ta da DD 149.