Kurakuran da masu gudawar IBS suka fi yi

Idan likita ya gama bincike ya ce maka IBS ne, wato hanjinka ba shi da rauni amma yana saurin harzuƙa, ga murɗawar ciki ga gudawa, to rabin maganin yana cikin kwanon abincinka. Na gaji da ganin mutane suna maimaita abu ɗaya a nan Zariya.

Ciki na juyawa sai a nufi kemis a sayi Flagyl. Flagyl na kashe ƙwayoyi ne irin su amiba, IBS kuwa ba shi da ƙwayar da zai kashe. Bakinka ya yi ɗaci, ƙwayoyin hanji masu amfani su tafi, gudawar tana nan.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zancen faiba, wato ɓangaren hatsi da ganye da ciki ba ya narkarwa. Aka ce mini in ƙara faiba, sai na duƙufa kan burodin alkama mai dusa da wake da kabeji. Ciki ya kumbura, iska ta hana ni zaman masallaci cikin natsuwa. Faiba iri biyu ce. Ta dusa ba ta narkewa, tana ƙara wa hanji gudu. Wadda muke so ita ce mai narkewa a ruwa ta yi kauri kamar yauƙin kuɓewa, ta shanye ruwan hanji, bayan gida ya haɗu. Irin wannan faibar ce ke cikin siliyom, garin ɓawon wani iri da ake sayarwa da suna Fybogel, akwai ta kuma a hatsin Quaker. To don Allah ku daina zuba babban cokali tun ranar farko, sannan ku ce bai karɓe ku ba! Ni da rabin ƙaramin cokali nake farawa a cikakken kofin ruwa, in shanye kafin ya daskare, in ƙara kaɗan bayan mako. Ba na shan sa dab da kwanciya, kuma ina ba da tazarar awa 2 tsakaninsa da sauran magunguna.

Wasu kuma tsoro ke sa su bar komai, su zauna kan koko har su rame. Tsarin FODMAP na Jami'ar Monash ta Ostareliya, wato tsarin rage abincin da ke kumbura ciki, bai ce haka ba. Mako 2 zuwa 6 ake janye albasa, tafarnuwa, ƙosai da alale, madara, mangwaro, kankana da zuma, sai a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Ina da ɗan littafi da nake rubuta abin da na ci. Albasa kuwa, a gidana soya ta ake yi a mai a tsame, ko a sa koren lawashi. Ƙanshin ya samu, ciki ya zauna lafiya.

Goro da kofi a kan cikin da babu komai suna tayar da hanji. Cingam marar sukari ma haka, saboda sobitol, abin zaƙin da ake sa mata a madadin sukari. Tsire mai kitse da yaji cikin dare, ka san abin da zai biyo baya da asuba.

Amma idan ka ga jini a bayan gida, ko kana ramewa, ko zazzaɓi, ko gudawar na tashe ka daga barci, ka ajiye zancen abinci ka tafi asibitin koyarwa na Shika a duba ka.